Abin da Na Gani a Gilashin Jirgin da Ba Ya Tashi

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, wallahi ba ji na yi ba. Shekarun baya ina aiki a wata makarantar horar da matuƙa jirgin sama, ni ke kula da simileta, wato akwatin nan mai kama da kan jirgi da ake koyon tuƙi a ciki, yana girgiza yana karkata amma yana nan kafe a ɗaki. Ni kuwa ɗan Kazage ne ta Birnin Gwari.

Wata Talata da hantsi Kyaftin Ladi, wata matuƙiyar jirgin fasinja, ta zo sabunta horo, ina zaune bayanta. Na saita mata hanya ta saman dajinmu. To ku sani, dajin da ke cikin na'urar zane ne kawai, kore shimfiɗe, ko akuya babu. Muna cikin tafiya sai ta ce, "Malam, yaushe kuka sa mutane a ciki?"

Na leƙa. Ga rafi, ga wani dutse mai tsagewa biyu da na sani tun ina yaro a hanyar Tabanni, ga babur a kwance, ga mutum a gefensa yana ɗaga hula. Ikon Allah. Na duba kwamfuta, ba ta nuna komai, amma a gilashi yana nan. Ta kewaya shi sau uku, sai wurin ya koma kore.

Na fita na kira gida, sai matar yayana Isuhu ta ɗauka tana kuka, wai tun jiya da ya tafi Tabanni bai dawo ba, sun ɓoye mini ne, kowa ya ɗauka mutanen daji sun kama shi. Na ce a je dutsen nan. Ta ce wa ya faɗa mini? Na ce a je dai.

Can aka same shi, ƙafa a karye, ƙishirwa ta kusa gama shi.

Da na je gida duba shi, ban faɗa masa komai ba, shi ya fara. "Ƙanena, wani farin jirgi ya kewaya ni sau uku, ƙasa-ƙasa, amma ko ƙara babu. Har da mace a gaba. Kai kuma me kake yi a bayanta?"

Injiniyoyi sun bincike na'urar, ba su ga komai ba. Kyaftin Ladi ta ce kar in ƙara yi mata zancen. Ni dai har yau ban san ko mu muka je dajin ba, ko dajin ne ya zo mana.

Shawarata, in kun ga abin da hankalinku ya ƙi ɗauka, kar ku tsaya gardama da idonku. Ku fara kiran gida tukuna.