Rijiyar Gwaggo da ke Bayan Tsohon Gidan Mai

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina, da ƙarfen murza ƙasa da kwalabe a bayan mota. Sana'ata duba ƙasa da ruwa kafin a haƙa burtsatse, kuma ba yabon kai ba, hancina ma kayan aiki ne. Gwaggona ce ta kira ni Haɗeja. Da sana'ar gumin shinkafa take riƙe da gidanta tun rasuwar mijinta, ga shi masu saye sun fara dawo mata da kaya, wai tuwon yana warin kalanzir. Ruwan turara shinkafar kuwa daga rijiyar tsakar gidanta take ja.

Hanya ba laifi, sai ramukan da direba ya san su kamar 'ya'yansa. A Gujungu muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, ƙosan ya tsuke, kuɗinsa ya yi ƙiba. Da muka doshi Haɗeja sai fadama ta buɗe, shinkafa kore shar, masu babura ɗauke da injin ban ruwa, mata na kasa bandar kifi a bakin titi.

Gidan Gwaggo yana jingine da katangar wani gidan mai da ya daina aiki da daɗewa. Famfunan sun yi tsatsa, awaki ne ke kwana a rumfar. Muna shiga muka tarar ta riga ta ɗauko mai yasar rijiya, wani dattijo, ya tuɓe riga, ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya, yana laluben ashana. Haka suka gada: a zura fitila, in ta mutu babu iska a ƙasa, in ta ci sai a shiga. Ni kuwa tun daga zaure warin fetur ya dake ni. Ban ko gaisa ba na riƙe hannunsa.

"Baba, don Allah kada ka ƙyasta."

"Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake shiga rijiya," in ji shi.

Na jawo guga ɗaya, na kai can bakin titi, na tsoma tsumma a abin da ke yawo a saman ruwan, na ce ya ƙyasta a nan. Tsumman ya kama bal. Dattijo ya daɗe yana kallo, sannan ya kwance fitilarsa ya mayar da rigarsa.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka muka shiga aiki. Rami huɗu muka murza. Ƙasar wurin baƙin yumɓu ne a sama, mai danƙo, ƙarƙashinsa rairayi, kuma ko gaba biyu ba a yi sai ga ruwa. A gindin katanga rairayin ya fito toka-toka, yana maiƙo a yatsa. Tankin gidan man da aka binne a ƙasa ne ya ruɓe, ya yi shekaru yana ɗiga. Mai ba ya nutsewa, saman ruwan ƙasa yake hawa. In kogi ya cika da damina ruwan ya taso da shi, in rani ya yi ya sauka ya bar shi shafe a rairayi. Ruwan kuma gangarawa yake wajen kogi, gidan Gwaggo na kan hanyarsa. Ramin da muka yi a tsallaken titi, ta sama da gidan man, shi kaɗai ya ba da ruwa garau ba wari. Na cika kwalabe don gwaji a Kano, amma na riga na san amsar.

Gwaggo ta kawo mana dafa-duka da kifi, ta ce mu ci da kwanciyar rai, da ruwan 'yan garuwa ta dafa. Bayan mun ci na faɗa mata gaskiya: yasa ba za ta yi magani ba, ko sau goma aka kwashe, ƙasar ce ta sha mai. Sai dai a toshe rijiyar da yumɓu a rufe da siminti, a haƙa wata a filin ƙanenta da ke tsallake. Na san mijinta ne ya haƙa tsohuwar rijiyar da hannunsa, na shirya jin gardama. Ba ta yi ba. Ta dubi dattijon ta ce, "Malam, yasa na kira ka, to ciko za ka yi."

Sai ta juyo gare ni. "Kai da ka san ƙasa, tun yaushe nake ba jikokina wannan ruwan?"

Na ce ban sani ba, a dai kai su asibiti a duba. Wallahi tambayar ta yi mini ciwo.

Mun iso Kano bayan magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, gidan mai yana rufewa a sama ne kawai, a ƙasa yana nan yana aiki. In rijiyarku na maƙwabtaka da irinsa, ku shinshina guga tun yau. Ni da na sha ruwan rijiyar nan duk zuwan da na yi, ban taɓa leƙa bayan katangar ba sai da aka dawo wa Gwaggo da shinkafa.