Yadda Bakina Ya Kusa Cinye Mini Kati

Ni dai Allah bai halicce ni da karatun zuci ba. In na buɗe littafi, bakina ma buɗewa yake yi. In sarki ya yi tsawa a labari sai na yi tsawa, in jaki ya yi kuka, to jama'a sai haƙuri. A gida ba mai damuwa, don gidan direbobi ne, ko gaisuwa muke yi kamar ana kiran fasinjan Dogarawa. Matsalar tana ɗakin karatu na garinmu Konni, inda aka rubuta a bango da Faransanci cewa a yi shiru, kowane harafi ya kai girman ɗan akuya.

Mai kula da ɗakin wani dogo ne siriri, mu 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, muna ce masa Mushe, malam ke nan da Faransanci. Shi ya yi mini katin da nake aron littafi da shi. A gidanmu kuwa, ban da Alƙur'ani da takardun mota, ba abin karantawa. In katin nan ya tafi, na shiga uku.

Wata ranar kasuwa ina zaune bakin taga da littafin tatsuniyoyi. A waje wasu Fulani masu tallar nono suna hutawa a inuwar bango. Ban san lokacin da na fara juya labarin da Hausa da ƙarfi ba, sai ga kan wata inna ta taga.

"Ke ɗiya, sai mi ya faru?"

Ai kuwa na gyara zama na ba ta. Dariya ta tashi har ƙwarya ta kusa kifewa. Sai wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, wanda kullum yake zuwa karanta jarida, ya miƙe yana rawar gemu.

"Mushe, ko ka amshe katin yarinyar ga, ko in kai ƙara gaba!"

Mushe ya miƙo hannu. Na ba shi katin. Ya ce in dawo gobe.

Washegari na same shi yana kallon bango.

"Wa ya kawo dokar can?"

"Kai ne, Mushe."

"Ni fenti kawai na shafa. Dokar cikin kwali ta zo tare da littattafan, daga ƙasar da kusan kowa ya iya karatu. Can, shiru adalci ne. Nan fa? Mai nonon nan ta daɗe tana zama gindin bangon ga, ban taɓa tambayar kaina mi ya hana ta shigowa ba. Na ɗauka tunda ƙofa a buɗe take, ɗakin na kowa ne. Ashe da rubutun can na zaɓi nawa mutane."

Ban taɓa jin babba ya kama kansa da kansa haka ba. Na ce, "Ke nan ni ke da gaskiya!"

"Ke? Bakinki ya fi lasifikar tasha. Tsohon nan ma yana da haƙƙinsa, gidansa cike yake da jikoki, nan kaɗai yake samun sukuni."

Ya ce ciki zai zauna shiru yadda yake. Amma duk ranar kasuwa da la'asar zai shimfiɗa tabarma a waje, in ɗauki littafi in karanta wa duk mai so. Ya zaro katin, na cafke, ya ƙi saki.

"Saura ɗaya. Jiya na ji kin ba sarki mota. Na karanta littafin nan, ba mota a ciki."

"Mushe, don labarin ya yi sauri ne."

"Mai sauraronki ba ta iya buɗewa ta duba. Abin da kika faɗa, shi ne littafin a wurinta. Kin gane nauyin?"

Na gane. Sai da na yi alkawari ya sakar mini.

Ranar kasuwa ta zagayo, na zauna kan tabarma, katina ɗaure a bakin zane, na karanta tsakani da Allah. Sarki ya taka da ƙafa har daji. Innar ta ajiye ludayi ta harare ni.

"Ke ɗiya, talaucewa ya yi?"