Hular Auduga a Farkon Sanyi

"Ɗaga zanen nan in ga abin da kike ɓoyewa," in ji Inna, uwar mijina.

A shekarun saba'in ne, a gidanmu na unguwar Magajiya. Sanyi ya fara shigowa, kowace mace ta kama saƙar rigar ulu da kwarashi. Ni kuwa hular jariri nake saƙawa da siririn zaren auduga.

Sau biyu ina ɓari, shi ya sa Inna ta hana tanadin kayan jariri kafin haihuwa. Wannan cikin ko mijina ban gaya wa ba.

Na ɗaga zanen. Ta murza zaren hular.

"Auduga a wannan sanyin?" Ta ƙirga da yatsu. "Haihuwar bazara ke nan."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

"Ki sassauta saƙar, kada zafi ya dame shi. In kin gama, ki ɗora ta ulu, babba, saboda sanyin baɗi."

Ni da tsoro ya hana ni hango ko bazarar.

Yau na tsinci hular a ƙasan akwati. Mai ita har ya yi furfura.

Ku fa, wa ya taɓa cire muku tsoro da magana ɗaya?