Abin da ya motsa a allon

Shekarar da na ajiye alli na bar koyarwa, ita ce shekarar da ƙafar matata ta ƙi taka ƙasa. Ciwon a bayan idon sawu yake, wajen agara. Macen da ke zuwa kasuwa a ƙafa ta zaɓo albasar Dabaga ɗaya bayan ɗaya, sai ga ta tana dafa bango kafin ta kai bakin randa.

Lokotoro, wato likita, ya ce allura za a yi mata a gefen jijiyar, amma ba da lalube ba, don idan tsinin ya shiga jijiyar kanta, gyara ya zama ɓarna. Sai an ɗora ekogarafi, na'urar nan mai nuna cikin jiki, yana kallon allurar a allo tana tafiya.

Da jin sunan na'urar ta gyara mayafi. "Malam, tashi mu tafi."

Na san dalili. Sau uku aka kwantar da ita gaban na'urar nan tana da ciki, sau uku ana cewa ba ya motsi. Ba mu ƙara samu ba. Ni kuwa, da yake hali zanen dutse ne, muna isa gida na buɗe darasi: sauti ne kawai, ya shiga ya dawo, kamar kira a rijiya.

"Mushe, an tashi daga lakwal," ta ce, tana kirana yadda 'yan makaranta ke kiran malaminsu. "Na san rijiyar. Na yi kira a cikinta."

Ta daure har ranar da ta kasa tsayuwar salla. Da ta sallame a zaune, da kanta ta ce in nemo mota.

Aka kwantar da ita rub da ciki, aka shafa man nan mai sanyi. Ta juya fuska bango.

"Hajiya, ɗan motsa ƙafar," in ji lokotoro. Wani farin zare ya ja, ya saki, a allon. "Yauwa, ga shi nan yana motsi lafiya lau."

Bawan Allah bai san abin da ya faɗa ba. Ta juyo. A allon, allurar ta shigo kamar tsinken tsintsiya, ta tsaya dab da zaren, maganin ya bazu. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da aka gama ta ce, "Ɗana, in sake motsawa?"

Ya ce ai an gama.

"Don Allah dai."

Ya mayar da bakin na'urar kan ƙafarta. Ta motsa, ta kalla, ta sake motsawa.

Ƙafar ta yi sauƙi, ta koma zaɓen albasa. A hanyarmu ta komawa gida ranar, ban yi bayanin komai ba.