Layi biyu a filin Bakolori

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da abokan aiki biyu, za mu Talata Mafara mu koya wa matasan alƙalan ƙwallon kwando dokokin wasa. Abin da na faɗa wa abokan tafiyata ke nan, kuma gaskiya ne, sai dai ban faɗi duka ba. Akwai mutumin da nake son neman gafararsa a Maradun, na kuwa daɗe ina ɗaga ranar.

Hanya ba laifi, ko da yake ni ba na sakin jiki a mota. A mararrabar Bakura muka tsaya shan koko da ƙosai. Albasa ta yi araha, har ɗayanmu ya sayi buhu guda ya danna a bayan mota, muka isa Mafara muna ƙanshin miya.

Da hantsi na shiga aji, muka kai ga dokar komawa baya. In ƙwallo tana hannunku a rabin filin abokan hamayya, ba ku da damar mayar da ita naku rabin. In ɗan wasanku ne ya taɓa ta ƙarshe a gaba, kuma naku ne ya fara taɓa ta a baya, a busa usur. In abokin hamayya ne ya doke ta ta koma, babu laifi. Layin tsakiya kansa na baya ne, wanda ya taka shi da ƙwallo a hannu ya koma ke nan. Wata daga cikin masu koyo ta tambaye ni ko na taɓa busa wannan a kan kuskure. Na ce wataƙila.

A shekarun aikin madatsar ruwa ta Bakolori ina sabon gama jami'a, ina koyarwa a Mafara. Garin cike yake da baƙi, manyan motoci na kai da kawo, masu tuwo ba sa sauke tukunya. Da la'asar ma'aikata kan yi wasa a kan wani dandamalin siminti kusa da Maradun. Akwai tsaga a inda zubi biyu suka haɗu, ita suke ɗauka layin tsakiya. Ranar da Maradun za ta kara da Bakura aka ba ni alƙalanci. Na zo da wuri da igiyar awo, na tarar tsagar ta kauce wa tsakiya da kusan taku guda, sai na ja layi da alli a inda ya dace. Ban gaya wa kowa ba, na ɗauka kowa zai gani. Dab da tashi, Bakura na gaban Maradun da maki ɗaya, kyaftin ɗinsu Garba Dogo ya ja baya da ƙwallo. Dunduniyarsa ta taka allina, ba ta kai tsagar ba. Na busa, Bakura ta ci wasa. Dogo ya ajiye ƙwallon a ƙasa ya fice.

Da na gama aji, bayan azahar, muka nufi Maradun. Shinkafa ta yi kore a gefen magudanan ruwa, amma hayaniyar da na sani babu ita. Dandamalin yana nan, an cire ƙarafan kwando, shanyar shinkafa ake yi a kai. Can aka nuna mini Dogo, ya yi furfura, yana baza shinkafa da ƙafa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, gida da gona da gajiya, kafin ya ƙura mini ido.

"Malam mai alli! Ashe kana nan da rai?"

Na fara bayani, ina kawo doka ina janyewa, har ya ɗaga hannu.

"Busar ba ta ɓata man rai ba, Malam. Mu munka zuba simintin ga da hannunmu, mun san tsagar ba tsakiya take ba. Ai ana sauya gefe bayan hutu, kowa ya ɗanɗani guntun gefen. Kai ko ka zo filinmu ka auna, ba ka tambayi kowa ba."

Na ce ya yafe mini. Ya yi dariya.

"Na yahe tun tuni. Amma Bakurawa ban yahe masu ba, har gobe suna tsokanata a kasuwa."

Mun iso gida kafin magariba. Har yanzu ina ganin a littafin doka ban yi kuskure ba, sai dai littafin bai taɓa zuba siminti a Bakolori ba. Washegari na kira wanda ya shirya horon, na roƙe shi ya ƙara wa ɗaliban abin da ban koya musu ba: kafin a jefa ƙwallo, alƙali ya kira kyaftin biyu, su taka layin tsakiya tare, kowa ya ce ya gani.