Ranar da Na Zuba Humrar Umma a Kula

Ko sunana zan manta, ba zan manta da ranar da na zuba humrar Umma a na'urar sanyaya ɗaki ba. Wauta ce 'yar ƙarama, rabin kwalba kawai, amma saura ƙiris ta raba mu da autarmu.

Bazara ce, gab da saukar damina. Gidan da muke haya a Durumi rufin kwano ne, silin ɗinsa kuma bai fi takarda kauri ba. Da rana tsaka, in ka ajiye ƙwai a kan kujera, gishiri kawai za ka nemo. Fankar sama kuwa zafin take kaɗo mana, kamar mai fifita wutar tsire.

Ni esi nake so, na ishi kowa da zancenta. Abba ya ce, "Da wace wutar? Wannan da ake kawo mana kamar gaisuwar suruki, a leƙo a koma?" Umma ta ce ita ko kyauta ba ta so, don sanyin esi yana tayar wa Auta da asma. A ƙarshe Abba ya ɗauke ni muka tafi Mararaba, ya zaɓi abin da ake kira kula. Fanka ce mai tanki a ƙasa, a zuba mata ruwa, iska ta ratsa jiƙaƙƙiyar raga ta fito da sanyi, kuma batirin solarmu yana ɗaukarta. Mai shagon ya ce, "Oga, wannan ba esi ba ne fa. Kar ka rufe windo, yana son iska." Ni ina can gefe ina shafa manyan esi ina yi musu ban kwana, maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Wata Asabar Abba ya tafi aiki, Umma ta tafi suna Jiwa, aka bar mini Auta. Lokacin ko firamare ba ta yi nisa ba. Bayan azahar ta yi barci a falo, daidai gaban kula. A ranar abokaina biyu za su zo, ɗayan kuwa kullum sai ya ba mu labarin yadda yake lulluɓa da bargo a gidansu saboda esi. Na ce yau zai san mu ma mun waye.

Na rufe tagogi ruf, na saki labule, na cusa tsumma a ƙasan ƙofar baya. Ba a jima ba falon ya fara warin jiƙaƙƙiyar safa. Sai shaiɗan ya nuna mini kwalbar humrar Umma, wadda ko ita sai ranar biki take taɓawa. Na tuttula rabi a tankin, na ƙure kula, na ja ƙofa, na tafi bakin titi tarar baƙina. A can muka tsaya musun ƙwallo, na manta da duniya.

Da muka dawo na buɗe ƙofa, wani tururi ya doke mu kamar an buɗe tukunyar dambu. Ƙamshin har ɗaci yake a maƙogwaro. Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga Auta.

Tana zaune a ƙasa ta dafa kujera, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, ƙirjinta yana fito. Ta kalle ni ta ce, "Ya..." Ko Yaya ba ta iya ƙarasawa ba.

Daga nan wasa ya ƙare. Na fizge wayar kula, na ruga kan firij inda ake ajiye abin shaƙarta. Babu. Na kira Umma, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, haka. Ɗan gidan masu esi ya tsaya a ƙofa kamar an dasa shi. Ɗayan ne ya yi hankali, ya kwaso maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai shagon ɗinki a bakin get.

Ta shigo da almakashi a hannu, ta toshe hanci. "Kai! Wane ne ya rufe windo? Ɗauko shi, fito da shi waje!" Na sungumi Auta muka yi gindin mangwaro. Matar ta zaunar da ita a cinyarta, ta miƙar mata da baya. "Kar ka bari ya kwanta. Ina maganin shi?"

Na koma ciki na zazzage durowa, na ɗaga katifa, har cikin kwandon albasa na duba. Ta taga ina jin wannan fiton, kuma yana ƙara siririta. Ban taɓa sanin akwai addu'o'i da yawa haka a kaina ba. Sai ga kiran Umma, hayaniyar mata ta cika wayar.

"Lafiya kake ta kira na?"

"Umma, abin shaƙar Auta!"

Muryarta ta canza. "Jakar makarantarta, ƙaramin aljihu. Me ka yi mata?"

Na ajiye wayar na ruga wurin jakar. Na zaro shi na fita a guje, maƙwabciya ta karɓe ta fesa mata. Muka zuba ido. Mangwaron nan ko ganye bai motsa ba. Can Auta ta yi tari, ta ja numfashi mai tsawo, ta fashe da kuka. Wallahi ban taɓa jin kiɗa mai daɗin kukan nan ba.

Maƙwabciya ta tare tasi muka wuce asibiti. Abba da Umma suka iso kusan tare. Nas ta sunsuna rigar Auta ta ce, "Wa ya yi wa yarinya wanka da turare?" Kowa ya juyo ya kalle ni, har abokin da na so in burge. Abba bai taɓa ni ba. Cewa kawai ya yi, "Kana wurin sa'ad da mai shago ya yi magana." Da ya zane ni da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar na gane kowane abin sanyi da irin ɗakin da yake so, kuma wanda aka bar wa amana ba ya fita neman burge mutane.

Auta ta kwana a asibiti, washegari aka sallame ta. Kula kuwa na wanke ta har hannuna ya yi fari, ƙamshin bai fita ba, Umma ta ce ba za ta ƙara kwana a gidanta ba. Abba ya sa wa tagoginmu raga, muka koma fanka da buɗaɗɗun tagogi. Kular tana shagon maƙwabciya har yau, tana aiki, ƙofa a wangale.