Hoton gadar Hanoi

Korona ta fara yawo a labarai ke nan maigidana ya samu gayyatar taro a birnin Hanoi, a wata ƙasar, ya ce mu je tare. 'Yarmu tana makaranta, sai na bar ta wurin maƙwabciyata a benen da muke zaune a unguwar Danau Kota, can ƙasar Malay, wata Bakanuwa da ƙofarmu ke kallon tasu. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita da bakinta ta ce, "Tafi abinki, ai 'yata ce."

Ranar da aka tashi taron muka je ganin wata tsohuwar gadar ƙarfe da Faransawa suka gina zamanin mulkin mallaka. Duk ta yi tsatsa. Layin dogo a tsakiya, babura ta gefe da gefe, mu masu ƙafa an bar mana ɗan siririn wuri, kana hango kogi ta tsakanin simintin. Da jirgi ya taho har cikin haƙorana na ji girgizar. Na tsaya zan sayi gasasshiyar masara, mai sayarwar ta toshe hanci ta kore ni da hannu. Raina ya ɓaci, amma na daure. Na sauke takunkumi, maigida ya ɗauke ni hoto, na tura wa matan unguwa a zaurenmu na waya.

Muna dawowa na ƙwanƙwasa wa Yaya, da tsaraba a hannuna. Ta buɗe ƙofar katako, ta bar ta ƙarfen a kulle.

"Tsaya daga nan," ta ce. "Ja baya."

Na ɗauka wasa take. Sai ta turo yarinyar waje, ta jefo jakarta a ƙasa, ta maida kwaɗo.

"Kin je kin buɗe fuska a tsakiyar mutane don hoto, ki zo ki shigar mini gida? Ina da mai asma a ɗaki!"

"Yaya, lafiyata ƙalau. Sai da aka gwada zafin jikinmu a filin jirgi."

"Ki gaya wa wadda ba ta ga hoton ba."

Ta ɗauko kwalbar maganin kashe ƙwayoyin cuta ta fesa inda ƙafata ta taka. Nan ne na kasa riƙe bakina. Na ce mata ba cuta take tsoro ba, baƙin ciki ne, tunda ita ko Penang da ke nan cikin ƙasar ba a taɓa kai ta ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta rufe ƙofa.

Kafin magariba ta tura wa matan murya, wai a yi hattara da masu yawon ƙasashe. Na mayar mata da wadda ta fi tata zafi. Mata suka rabu biyu.

Sai aka kulle gari. Muka zauna ƙofa da ƙofa, ba sallama. Idan na ji motsinta a baranda sai in jira ta wuce kafin in fitar da shara. 'Yata takan kwanta a bakin ƙofa tana kiran 'ya'yan Yaya da Malayanci, uwar ta daka musu tsawa daga ciki. Azumi ya zo, ba wadda ta aika wa wata ko da kunu. Mazanmu suka yi ƙoƙarin sulhu ta waya, na ce sai ta fara ba ni haƙuri, ita ma haka ta ce.

Babu wanda ya kamu a gidajen biyu. Da aka sassauta kullen muka tashi muka koma wata unguwa, Sri Petaling. Muna fitar da kaya tana tsaye bayan ƙofar ƙarfenta tana kallo. Maigidana ya gaishe ta, ta amsa masa. Ni na ja hannun 'yata muka shiga lif.